Babi na Bakwai: Hula a Kan Sabon Dashe

Duk asibitin da ya yi wa mutum dashen gashi, a Istanbul ne ko a Dubai ko a Indiya, ba ya sallamarsa sai ya haɗa shi da takardar ƙa'idoji: yadda zai kwanta, yadda zai wanke kai, magungunan da zai sha, da ranar da zai koma motsa jiki. Maganar hula kuwa layi ɗaya ce ko biyu a can ƙasan takardar. Ga Baturen da ba ya neman hula sai sanyi ya matsa masa, layi biyu sun wadatar. Mu nan ba su wadatar ba. Magidanci a Kano ko Sakkwato ko Damagaram bai gama shiri ba sai ya kafa hula. Idan ya fito kai babu hula, kafin ya isa bakin titi an tambaye shi ko lafiya. Ba ya zuwa gaida surukai a haka, ba ya shiga fada a haka, ba ya zama a wurin ɗaurin aure a haka. Shi ya sa namu da suka dawo daga dashe, tambayar da ta fi tsaya musu a rai ita ce ranar da za su mayar da hularsu.

Amsar ba ta da tsawo. Kwana 10 na farko a bar kai a buɗe, in ban da hula mai sakwa-sakwa da asibitin ya bayar, ita ma sai ranar da likitan ya yarda. Sai dai wanda aka kafa wa doka ba a faɗa masa dalili ba, shi ne ke karya ta ranar bikin ƙanwarsa. Don haka bari mu leƙa ƙarƙashin fatar, mu ga abin da ake tsare wa.

A hanyar FUE, wadda aka fi yi yanzu, likita yana amfani da wani ɗan ƙarfe mai rami wanda faɗinsa bai cika wuce milimita 1 ba, yana zaro tushen gashi ɗaya bayan ɗaya daga ƙeya da gefen kai. Kowane tushe yana ɗauke da silin gashi 1 zuwa 4. Daga nan sai a tsattsaga ƙananan ramuka a inda sanƙo ya cinye, a cusa kowane tushe a raminsa. Babu ɗinki, babu gam. Wanda aka dasa wa tushe 3,000 yana sauka daga gadon aiki da ramuka 3,000 a gaba, da wasu 3,000 a ƙeya. A ranakun farko, abin da ke riƙe da tushen shi ne ɗan jinin da ya daskare a bakin ramin. Tushen bai da jijiyar jini tasa tukuna. Ruwan jikin da ke kewaye da shi yake tsotsa har kwana biyu zuwa uku, kafin ƙananan jijiyoyi su fara haɗewa da shi. Wanda ya taɓa dashen tumatir a fadama ya san wannan hali: irin da aka dasa jiya ga shi nan tsaye kore shar, amma ɗan akuya ya gifta ya goge shi sai ya fita, don saiwa ba ta kama ƙasa ba. Sai dai shi manomi yana da sauran iri a ajiye. Kai kuwa tushen da ya fita ya tafi ke nan, domin ƙeya ba ta sake tsirar da abin da aka cire mata. Tun a 1959 likitan fata Norman Orentreich na birnin New York ya nuna cewa gashin ƙeya yana tafiya da halinsa na ƙin zubewa duk inda aka kai shi. Wannan hali ne ake saye da kuɗi masu yawa, kuma abin da ƙeyar mutum za ta iya bayarwa a tsawon rayuwarsa ƙidayayye ne.

To yaushe tushen ke kamawa? A 2006 wasu likitoci biyu na Amurka, Robert Bernstein da William Rassman, suka wallafa wani gwaji da suka yi a kan mutum 42 da aka yi wa dashe. Abin da suka yi mai sauƙi ne: su kama silin gashin da aka dasa, ko ɓawon da ya bushe a kansa, su ja, a ranaku daban-daban. A kwana biyun farko, duk gashin da aka ja sai ya fito da tushensa. Daga rana ta uku abin ya fara raguwa, zuwa rana ta shida jan gashin ba ya fitar da tushe. Amma ɓawon da ya manne wa fata, shi har rana ta biyar duk wanda aka ja sai ya taho da tushen. Sai a rana ta tara ne suka ga babu sauran abin da ke tumɓuke shi. Daga nan aka samo kwana 10 ɗin da asibitoci ke faɗa, an ƙara kwana ɗaya don kwanciyar hankali.

Abin lura a gwajin nan shi ne ɓawon. Mutane suna zaton nauyin hula ne ke kashe dashe, ko kuma hana fata shan iska. Ɓarnar ta fi zuwa ne daga goga da maƙalewa. Ɓawo yana da kaushi, cikin hula yana da zare. Su haɗu, a cire hular, ɓawon ya biyo ta da tushen gashi a maƙale a ƙarƙashinsa.

Hulunanmu

Hular da asibitocin Turkiyya kan bayar mai taushi ce, ta auduga, mai zurfi da faɗi, an yi ta yadda za ta zauna a gefen kai ba tare da rufinta ya taɓa dashen ba. Idan takardarsu ta ce ana iya sa hula bayan kwana kaza, irin wannan suke nufi. Ba su taɓa riƙe zanna bukar a hannu ba.

Dubi zanna, ko damanga, ko ƙube. Aikin allura ne, wanda mai ɗinki kan shafe makonni a kansa, kuma duk kyan da ke waje akwai ƙullin zarensa a ciki. Idan ta je wurin masu wanki, sai su ba ta sitaci, su ɗora ta a kan gungume, su buge ta har ta ƙame, bakinta ya yi tauri. Haka muke son ta, hular da ba ta tsaya ba ai ba ta yi ba. Sannan da awo ake sayenta, lamba 22 ko 23, daidai kai cif, don kada iska ta ɗauke ta. Yanzu ka tambayi kanka ina bakin nan mai tauri yake zama. Ta gaba yana sauka daidai inda goshi ya haɗu da gashi, wato kan sabon layin da likita ya ɓata sa'o'i yana jera tushe masu sili ɗai-ɗai don kada a gane aiki ne. Ta baya kuma yana ratsa tsakiyar ƙeya, inda aka yi ramukan ciro. Duk wurin da ake gudun a taɓa, nan hularmu take hawa.

Ƙari a kan haka, kan da ya dawo daga dashe ba kan da aka auna wa hular ba ne. Ana ɗura ruwa da maganin kashe zafi da yawa a ƙarƙashin fatar lokacin aikin. Daga rana ta biyu zuwa ta huɗu ruwan yakan gangaro goshi ya kumbura shi, wani lokaci har fatar ido. Hular da ke shiga salin-alin a da, yanzu sai an danna ta. Kuma fatar takan sage ta daina jin taɓi na makonni, wani har watanni, saboda ƙananan jijiyoyin ji da aka yanka. Don haka mai hular ba zai ji tana matsa shi ba, ba zai ji tana goga ba, sai dai ya cire ya ga jini. Ga kuma hannu da ya saba: mu ba ma barin hula ta huta, a turo ta gaban goshi, a mayar da ita ƙeya, a gyara kari, duk ba tare da an san an yi ba.

Akwai waɗanda suke ganin sun yi dabara su koma tashi-ka-fiye-naci, wai ai ba ta da nauyi. Ita ce ma ta fi haɗari a makon farko, don saƙa ce, lafewa take yi a fatar kai, kuma kowane ido na saƙar ƙugiya ne ga ɓawo. Dara tana da gashi-gashi da ke manne wa ciwo, ga zafi. Hana-sallah tana da dama-dama bayan kwana 10, in mai tsayin gaba ce kuma an sassauta maɗaurin bayanta sosai. Malfa, wadda 'yan birni suka bar wa manoma da makiyaya, ta fi su duka dacewa da kare rana, don ga faɗi ga iska na ratsawa. Sai dai cikinta da kaushi, sai an shimfiɗa mata tsabtataccen ƙyallen auduga, ita ma bayan ɓawo ya kaɗe. Kafin nan, laima ta fi kowace hula, tunda ba ta taɓa kai ko kaɗan.

Rawani kuwa babu tayi. Ana naɗa shi a kan hula, ana ja ana ɗaurewa, ga nauyi, ga zufa. Hakimi ko dagaci ko malamin da ba ya fita sai da naɗi, ya ware wata guda cur, ko kuma ya ɗage dashen zuwa lokacin da zai iya ɓuya.

Ga yadda lissafin yake a wurin yawancin likitoci, kodayake maganar wanda ya yi maka aikin ita ce gaba da ta littafi. Tsakanin kwana 10 zuwa 14, wankin da aka koya maka zai sa ɓawon ya kaɗe da kansa. Daga nan ana iya sa hula mai taushi, wadda ta ɗara kanka girma, na ɗan lokaci in za a fita, a cire da an dawo. Hula mai sitaci sai bayan mako uku zuwa huɗu. Hular kwano ta masu babur da ta ma'aikatan gini, mako huɗu zuwa shida, don ita matsewa ce aikinta, kuma ba ta shiga ba ta fita sai da goga. Kada wani ya ɗauki wannan a matsayin izinin hawa babur kai tsirara. Wanda ba zai sa hular kwano ba, ya haƙura da babur ɗin.

Sa hular ma da yadda ake yi. Da hannu biyu ake riƙe ta, a buɗa bakinta, a sauko da ita daga sama. A fara zaunar da gabanta a kan goshi, ƙasa da layin dashen, sannan a saki baya. Wajen cirewa a ɗaga ta sama tsaye, kada a zame ta baya kamar yadda aka saba. In an cire, a duba cikinta. Gajerun silin gashi da babu jini a tare da su ba abin tsoro ba ne. Daga mako na biyu zuwa na takwas yawancin gashin da aka dasa zubewa yake yi, tushen na nan a ciki yana hutawa. Sabo yakan fara leƙowa a wata na uku ko na huɗu, ba ya cika sai an shekara, tsakar kai ma takan kai wata 18. Mutane da yawa sukan ɗora wa hula laifin wannan zuba, alhali ba ruwanta. Alamar tushe ya fita daban ce: za a ga gashin da ɗan farin nama a gindinsa, kuma wurin yana zubar da jini. In haka ta faru a danna wurin a hankali da tsabtataccen bandeji, a kira asibitin.

Tunda ana maganar abin da ke gogar kai, kada a manta da riga. Kaftani da jamfa da babbar riga duk ta kai suke shiga, wuyan kaftani kuma ƙarami ne mai taurin aiki. A makon farko a nemi riga mai maɓalli har ƙasa. A kuma kiyayi bakin ƙofar mota, da rufin adaidaita-sahu, da ma'ajiyar kaya ta saman kujera a jirgi ranar dawowa.

Alwala da sujada

Wannan ɓangare takardar asibiti ba ta cika taɓa shi ba, alhali sau biyar yake zuwa a rana. Shafar kai a alwala, yadda muka koya a Malikiyya, tafin hannu ne daga farkon gashi zuwa ƙeya a dawo, wato dai gogar da likita ya hana. Fiƙihu bai bar mai ciwo a rana ba. Babin shafa a kan ɗauri sananne ne a littattafan da ake karantawa a zaurukanmu: wanda ruwa ko taɓi zai cutar da ciwonsa yana da sauƙin da aka yi masa, har zuwa taimama in ta kai ga haka. Haka ma sujada. Sunkuyar da kai ƙasa yana ƙara kumburi a ranakun farko, kuma sabon layin gashi yana dab da inda goshi ke taɓa darduma. Wanda sujada za ta cutar da shi yana iya yin nuni. Yadda za ka yi a naka halin, ka zauna da malaminka tun kafin tafiya, ka faɗa masa ainihin abin da likita ya ce da yawan kwanakin. Kada ka bari sai ka tsaya gaban buta sannan ka fara tunani.

Bayan an koma sujada da hula a kai, akwai wani abu ƙarami: bakin hular yana dukan ƙasa ya tura ta baya, ta goge gaban kai. Har wata ya cika, gara a ajiye ta a gefe a yi salla.

Masu son haɗa tafiya biyu, su biya Istanbul sannan su wuce Umra, su sake lissafi. Mai harami ba ya rufe kansa, ranar Makka kuwa kowa ya san ta, ga cunkoson ɗawafi inda gwiwar hannun wani ke iya samun kai, ga aski ko saisaye a ƙarshe. Reza ba ta hawa wurin dashe sai bayan watanni. In dole sai an haɗa, Umra ta riga.

Bayan wata guda maganar takan juya. Hular da ake gudu ita ake nema, domin sabuwar fatar ba ta jure rana. Likitoci sukan ce a kare ta daga rana mai zafi har wata uku, wasu su ce fiye. Kada baƙar fata ta ruɗi kowa: ba ma ƙonewa da wuri kamar Turawa, amma fatarmu ta fi saurin yin baƙin tabo a inda ta taɓa ciwo in rana ta dake ta. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, zufa ce abokiyar gaba. Takan taru a ƙarƙashin hula ta jiƙa fata, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, sai ƙuraje masu farin baki su feso a gindin gashi. A hunturu kuma ƙura ce da bushewa da ƙaiƙayi, ƙaiƙayi ya kira farce. Maganin duka biyu tsabta ce. A nan kuwa sai mun faɗa wa kanmu gaskiya: hular da ake ji da ita takan yi watanni ba ta ga ruwa ba, don kada wanki ya kashe mata launi, cikinta ya sha zufa da man kai da turare. Irin wannan ba ta hawa kan da bai gama warkewa ba. A tanadi masu taushi biyu ko uku na auduga, waɗanda za a wanke a gida kullum da sabulu, ba sitaci.

Wanda jikinsa ke yin tabo mai tudu, ko yake da ƙurajen ƙeya irin waɗanda aski ke tayarwa su taurare, ya ninka hattara. Wannan matsala ta fi yawa a baƙar fata, kuma goga a kai a kai na cikin abubuwan da ke tsananta ta. Gashinmu ma a murɗe yake tun daga ƙarƙashin fata, shi ya sa likita kan yi amfani da ƙarfe mai ɗan faɗi wajen ciro shi, ramukan ƙeya su fi girma kaɗan. Bakin hula mai tauri a kan irin wannan ƙeya neman magana ne. Idan aka ga wuri ya yi ja yana zafi, ko yana fitar da mugunya, ko zazzaɓi ya shigo, a ajiye hula a nemi likita a ranar.

Mata ma suna yin dashe, galibi a gaban goshi da gefe, inda matsattsen kitso na shekara da shekaru ya cinye. Su tasu ta fi wuya, don rufe kai a wurinsu ba ado kaɗai ba ne. Hular cikin hijabi mai roba da ɗaurin ɗankwali suna kama daidai wurin da aka dasa. Abin da ya fi shi ne zaman gida na kwana 10 ɗin nan, sannan mayafi mai santsi da za a yafa sakwa-sakwa ba ɗauri. Kitso mai ja kuwa, shi ya kawo ciwon tun farko, kuma zai cinye dasasshen gashi kamar yadda ya cinye na asali.

Wannan ya kawo mu ga tsohuwar maganar da ake yi a majalisa, wai hula ce ke jawo sanƙo. Sanƙon maza gado ne, da aikin wani sinadarin jiki da ake kira DHT, wanda ke ƙanƙantar da tushen gashin gaba da na tsakar kai. Iskar da tushen gashi ke buƙata daga jini yake samunta. Da zarar dashe ya kama, hula ba za ta hana shi tsiro ba, ko da kullum ake sa ta.

A ganina, abin da ke tura mutane su kafa hula kafin lokaci kunya ce. Mutum ya tafi a ɓoye, ya ce wa abokai harkar kasuwa ce ta kai shi Turkiyya, ya dawo da kai a aske ƙwal, ga ɗigo-ɗigon jini, ga goshi a kumbure, sai ya ga hula ce kaɗai za ta rufa masa asiri. Ba ta rufawa. Ƙeyar da aka yi wa ramuka tana leƙowa ta ƙarƙashinta. Wanda ya ce "aiki aka yi mini a kai, likita ya hana ni hula," abin da zai ji shi ne "Allah ya ƙara sauƙi," magana ta mutu. Surukin da ya fi kowa tsauri ma ba ya jayayya da likita.

Saboda haka, mai karatu, kafin ka biya kuɗin jirgi ɗauko kalanda. Kada ranar aikin ta faɗa cikin wata guda kafin Sallah, ko bikin gida, ko naɗin sarauta, ko wani taron da ba za ka iya zuwa kai a buɗe ba. Ka nemi hutun mako biyu a wurin aiki. Ka sa hular da ka fi sawa a jaka, ka nuna wa likitan ita a hannu, ya taɓa bakinta ya ga inda take zama a kanka, sannan ka tambaye shi ranar da za ka mayar da ita.